Yadda ake gano tushen warin banɗaki a gidan bene na haya

Banɗakin da ake wankewa safe da yamma, amma da an tura ƙofa wari ya tari mutum, sau da yawa ba ƙazanta ce matsalarsa ba. Ko dai wata kafa ta buɗe tsakanin ɗakin da bututun da ke gangarawa zuwa ramin masai, ko kuwa wani abu na ruɓewa a inda tsintsiya da burushi ba sa kaiwa. A gidan bene mai ɓangarori abin ya fi rikitarwa, domin bututu ɗaya ne mai faɗin inci 4 ke saukowa daga hawa na sama har ƙasa, masan kowa na zuba a cikinsa. Laifin hawa na uku na iya fitowa a hancin mai hawa na ɗaya. Hanyar da ke fisshe mutum ita ce bin kafofin nan ɗaya bayan ɗaya, ana toshe kowace ana jira a ji, ba tare da an canza abu biyu a lokaci guda ba. Wanda ya wanke, ya zuba magani, ya liƙe, ya canza kaya duk a yini ɗaya, ko warin ya tafi bai san me ya kore shi ba, kuma idan ya dawo sai an koma farko.

Abu biyu da ba sa jira

Kafin a taɓa bututu ko ɗaya, a tabbatar warin ba na gas ɗin girki ba ne. Shi gas ba shi da wari a asalinsa, sinadari ake sa masa mai ɗoyin ruɓaɓɓen kabeji ko ƙwai domin a ji idan yana yoyo, kuma mutane da dama na ɗaukar wannan ɗoyin a matsayin na masai. A ginin da kicin ya jingina da banɗaki, gas na bin ƙasa saboda ya fi iska nauyi, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa ko ta hudar da bututu ya ratsa bango. A rufe kan tukunyar, a buɗe tagogi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. Bayan iskar ta fice, sai a dama sabulu da ruwa a shafa a bakin tukunyar, da tiyo, da inda tiyon ya haɗu da murhu, sannan a buɗe kan tukunyar na ɗan lokaci, murhu a kashe. Duk inda kumfa ta riƙa tasowa tana girma, nan ne yoyon yake.

Na biyu shi ne ƙarni irin na kifi ko ƙaurin roba, musamman wanda ke tashi jim kaɗan bayan an kunna hitar ruwan wanka. Robar makunni da ta soket idan ta ɗauki zafi fiye da kima irin wannan ƙarnin take bayarwa. Hita na jan wuta sosai, kuma waya ɗaya mai sako-sako a bayan makunni ta isa ta riƙa gasa robar a hankali. Da busasshen hannu, ka ɗora bayan yatsunka a kan murfin makunnin. Idan da zafi, ko gefensa ya soma yin ja-ja-ja kamar an babbaka, kashe layin daga babban akwatin wuta ka kira mai gyaran lantarki a ranar. Wannan ba abin da ake bari sai ƙarshen wata ba ne.

Shirya ɗakin domin hanci ya yi aiki

A dakatar da turaren wuta, da feshin ƙamshi, da kafur, da Izal, har sai an gama bincike. Duk suna rufe warin ne su gauraya da shi, su hana a gane irinsa. A fitar da kwandon shara, da tsumman goge ƙasa, da tawul mai danshi, da soso, da tabarmar roba, da kayan wanki, da burushin masai tare da mazubinsa. Wannan mazubin kaɗai yakan tara ruwan ƙazanta na watanni ba wanda ya leƙa. A duba gindin buta da na bokiti, inda santsi ke taruwa. A wanke ɗakin da sabulu ko omo kawai, a bar shi ya bushe, a rufe taga da ƙofa na awa biyu.

Hanci na sabawa da wari cikin 'yan mintuna, saboda haka ka fita waje ka sha iska kamar minti goma kafin ka shiga. Shaƙar farko ita ce mai gaskiya. Ka durƙusa, domin iskar masai ta fi taruwa a ƙasa, ka bi da hancinka bakin magudanar daɓe, ƙarƙashin wurin wanke hannu, bayan masai, sannan ka miƙe ka ji kusa da silin da taga. Idan da wanda ba a gidan yake kwana ba, shi ya fi dacewa da wannan aikin.

Kayan da za a buƙata ba su da yawa: tocila mai haske, leda, salatif mai faɗi, safar hannu ta roba, bokiti, tsohon burushin haƙori, farar takardar goge-goge, bular wanki, sukundireba, da turaren tsinke guda biyu ko uku. A samu takarda kuma a riƙa rubuta lokacin da warin ya taso na tsawon kwana uku, da abin da ya faru kafin nan.

Irin warin da lokacinsa

Ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai na iskar masai ne, wadda masana ke kira haidurojin salfaid. Zarni mai shiga ido na fitsarin da ya kwanta ne a wani lungu. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, mai kama da na tufafin da suka kwana a jiƙe, na fumfuna ne, kuma yana nufin ruwa na tsatsafowa a wani wuri. Warin mushe kuwa ba ya ɓoyuwa: yana farawa kwatsam, ya yi ta ƙaruwa kwanaki, manyan ƙudaje su bayyana.

Lokaci ma yana nuna hanya. Warin da aka tarar bayan dawowa daga tafiya, ko a banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, kusan kullum bushewar ruwan tirap ne, wato ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututu yana tare iskar masai. Wanda ke tashi da asuba ko bayan isha, lokacin da mutanen sama ke kora ruwa, yana nuni ga bututun iska, wanda ke fitar da iskar rami ta saman rufi. Wanda ke zuwa bayan ruwan sama mai yawa, sokawe ce ta cika, wato ramin da ruwan masai ke tsotsewa cikin ƙasa. Wanda ba a jinsa sai an buɗe famfon ruwan zafi, hita ce. Wanda ke ƙaruwa idan an kunna fankar zuƙe iska an rufe ƙofa, alama ce cewa fankar na jawo iska daga cikin bututu ta wata kafa a buɗe.

Ruwan tirap, inda mafi yawan matsalar take

Duk wata kafa da ruwa ke fita ta cikinta a banɗaki ya kamata a ce tana da lanƙwasa a ƙarƙashi mai riƙe ruwa, wadda masu gyaran famfo ke kira tirap. Wannan ɗan ruwan da ke kwance, mai zurfin santimita 5 zuwa 7 da rabi idan an yi aikin bisa ƙa'ida, shi ne kaɗai shamaki tsakanin ɗakinka da ramin masai. Idan ya bushe, ko aka zuƙe shi, ko tun farko ba a sa lanƙwasar ba, iska za ta hauro ba abin da ya tare ta.

A fara da magudanar daɓe, wadda ruwan wanka ke bi. Ɗaga murfinta na ƙarfe ka haska tocila. Abu uku za ka iya gani. Ko ruwa a kwance, wanda ke nufin akwai tirap kuma yana aiki. Ko wani ɗan kofi kife a kan bakin bututu da ɗan ruwa kewaye da shi. Ko kuwa baƙin rami kai tsaye, iska mai ɗumi na busowa daga ciki. Na biyun shi ne ya fi yawa a gine-ginen haya, kuma rauninsa a bayyane yake: ruwan da yake riƙewa bai wuce santimita 1 ko 2 ba, a hunturu da bazara kwanaki kaɗan sun isa ya ƙafe. Ga shi kuma masu wanke banɗaki kan cire kofin su jefar saboda yana rage gudun ruwa, wani lokacin ma mai sa tayil ne ya cire shi tun ranar aiki. Kyankyasai masu fitowa da dare ta wannan kafar shaida ce cewa hanya a buɗe take.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Zuba ruwa lita biyu a hankali cikin magudanar, da kowace kafa da ke ɗakin, ka rufe ƙofa na awa biyu. Idan warin ya ragu sosai, bushewa ce. Maganinta a riƙa zuba kofi biyu na ruwa duk kwana uku ko huɗu a lokacin rani. Idan za a yi doguwar tafiya, bayan ruwan a ƙara cokali biyu na man shafawar jarirai, ya kwanta a saman ruwan ya rage ƙafewa. Man gyaɗa ba ya dacewa, domin shi ma yana lalacewa ya yi nasa warin. Idan kuma babu tirap kwata-kwata, ana sayar da wata robar silikon mai baki kamar na jaka, wadda ke buɗewa idan ruwa ya bi ta rufe kanta bayan ya wuce. Auna faɗin bakin bututun kafin ka je kasuwa, galibi inci 2 ne ko inci 1 da rabi, domin wadda ba ta cika bakin ba aikin banza ce.

Daga nan sai wurin wanke hannu. Leƙa ƙarƙashinsa. Idan tirap mai siffar kwalba ne, sa bokiti a ƙasa, murɗe gindinsa da hannu ka cire. Baƙin santsin da za ka gani, na gashi da sabulu da man goge baki, shi kansa yana wari ko da tirap ɗin na riƙe da ruwa. Wanke shi da burushi, ka duba zoben robar da ke ciki bai tsinke ba, ka mayar ka ɗaure da hannu kawai, ban da sifana, don kada robar ta fashe. Idan kuwa bututun roba ne mai zobe-zobe wanda ake ja ya miƙe, wanda ake kira majik, to a nan ake yawan samun kuskure biyu. Na farko, an ja shi ya miƙe sambal daga besin zuwa ƙasa ba tare da lanƙwasa ba. Lanƙwasa shi da hannu ya yi siffar U mai zurfin kamar tsawon yatsa, ka ɗaure da waya ko igiyar roba don kada ya warware. Na biyu, an cusa ƙarshensa cikin bututun da ya fi shi faɗi, an bar sarari kewaye. Ta wannan sararin iska ke fitowa, kuma tirap ɗin da ke sama ba zai hana ba tunda kafar na ƙasa da shi. Ana toshe shi da zoben roba na rage faɗi, ko a cika da silikon.

Akwai kuma 'yar hudar da ke jikin besin ta sama, wadda ke kwashe ruwa idan ya cika. Cikinta ba ya taɓa wankuwa. Cusa siririn burushi ka goge, sannan ka ɗura ruwan ɗumi da sabulu ta mazurari.

Kada a manta da kafofin da ba a lissafa su. Tiyon injin wanki da aka cusa cikin bututu ba tirap. Bututun ruwan na'urar sanyaya ɗaki da aka haɗa kai tsaye da na masai, wanda ke sa wari ya fito har cikin ɗakin kwana. Da bakin bututun da aka tanada don baho ko wani besin ba a sa ba, aka toshe da takardar siminti ko tsumma aka bar shi a bayan ƙofa.

Idan har yanzu ba a tabbatar ba, sai gwajin leda. Busar da bakin kowace kafa, ka rufe da leda ka liƙe gefunanta da salatif sosai: magudanar daɓe, ramin besin tare da 'yar hudarsa, da bakin masai gaba ɗaya a ƙarƙashin murfi. Bar su kwana ɗaya, a yi amfani da wani banɗakin. Idan da safe ɗakin ya yi wasai, tushen na cikin waɗanda aka rufe, sai a riƙa buɗe ɗaya duk bayan awa biyu har warin ya dawo. Ledar da ta kumbura ko take numfashi sama da ƙasa ta riga ta ba da amsa. Idan kuwa an rufe komai wari na nan, to ba ta bakin kafofin yake fitowa ba, a koma ga mahaɗar bututu, da bango, da silin.

Masai da kewayensa

Kama masan zama da hannu biyu ka girgiza shi a hankali. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Wanda ke lilo ya riga ya sassauta mahaɗarsa da babban bututu. A mafi yawan gidajenmu mahaɗar na baya ne, roba ce fara mai leɓɓa da ake cusa bakin masan a ciki. Tana tsufa ta taurare, ko a sa ta a karkace saboda bututun bango bai yi daidai da bakin masan ba, sai a cike gibin da siminti. Siminti kuwa ba ya kama jikin tangaran da roba, yana tsagewa siririyar tsaga da ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iskar masai kuwa ba ta buƙatar tsagar da ta kai ta ƙadangare.

Ga yadda ake gwadawa. Goge mahaɗar ta bushe, naɗa farar takardar goge-goge kewaye da ita, ka shimfiɗa wata a gindin masan. Dama bula a rabin bokiti, ka juye cikin masan, ka kora ruwa sau biyu. Shuɗi ko ɗigo ɗaya a takardar na nufin yoyo. Amma rashin shuɗi ba ya wanke mahaɗar, domin tsagar da ke ta sama tana fitar da iska ba ta fitar da ruwa. Don haka kunna turaren tsinke, rufe ƙofa da taga, ka riƙe shi kusa da mahaɗar wani ya kora ruwa. Idan hayaƙin ya karkata ya gudu, ko aka zuƙe shi ciki, akwai kafa. Gyaran gaskiya shi ne a kwance masan, a sa sabuwar roba daidai da kusurwar bututun, a ɗaure shi da ƙusoshinsa a daɓe, a zagaye gindin da silikon a bar shi awa 24 kafin a hau. A bar ɗan sarari ta baya ba silikon, domin idan yoyo ya sake faruwa ruwan ya fito a gani maimakon ya kwanta a ƙarƙashi.

Masan tsugunne tirap ɗinsa na binne a ƙarƙashin daɓe. Haska tocila: dole a ga ruwa a kwance a ƙasan ramin. Idan babu, ko dai ba a sa tirap ba, ko ya fashe, kuma wannan sai an fasa daɓe.

Duba tsayin ruwan da ke cikin masan ma. Da dare ka liƙa ɗan salatif daidai bakin ruwan, ka duba da safe kafin kowa ya shiga. Idan ya sauka da yawa, ko tangaran ɗin ya tsage daga ciki, ko wani tsumma ko zare ya maƙale a lanƙwasar yana tsotse ruwan yana zubarwa ta ɗaya gefen, ko kuma bututun iska ne, wanda za mu zo kansa.

Shi kuwa zarni, a maƙalan murfin masai ya fi ɓuya. Kwance ƙusoshin roba biyu da ke riƙe da murfin, ka ɗaga shi gaba ɗaya, za ka ga abin da ya taru a ƙarƙashi. Sai ƙarƙashin leɓen masan inda ruwa ke fitowa, da layukan da ke tsakanin tayil a kewayen gindi, waɗanda ke shan fitsari idan farin simintinsu ya zaizaye. A kankare su a sake cikewa. Ɗaga murfin tankin ruwan masan kuma, wani lokacin baƙin santsi ne a ciki.

Bututun iska

Babban bututun masai ba a rufe yake ta sama ba. Yana zarcewa ya fita saman rufi domin iskar rami ta fice, kuma domin iska ta shigo ta bi bayan ruwan da aka kora. Idan bakinsa ya toshe, ruwan da ke gangarowa daga hawa na sama zai nemi iska ta ko'ina, sai ya zuƙe ruwan tirap ɗin da ya fi kusa. A hawa na ƙasa kuma akasin haka ke faruwa, iskar da aka matso tana turo kumfa ta cikin masai. Alamar ita ce ƙarar ɓul-ɓul a magudana ko besin lokacin da wani ya kora ruwa, da ruwan masai mai rawa shi kaɗai. Tirap ɗin da ka cika yau ka tarar babu ruwa gobe, ba ƙafewa ya yi ba, zuƙe shi aka yi.

Abin da ke toshe shi sheƙar tsuntsu ce, da ginin zanzaro, da ganye, da mataccen ƙadangare, ko ragar sauro da aka ɗaura a bakin ta cushe da ƙurar hunturu. Ana cire abin da hannu ke kaiwa, a zura tiyo a saki ruwa. Idan ruwan ya taru ya dawo sama, toshewar na can ƙasa, sai mai gyaran famfo da wayarsa. Hawa rufin bene aikin mai tsani da abokin riƙo ne, kuma da izinin mai gida.

Akwai kuma ginin da aka yanke bututun a gajarce, ya ƙare a ƙarƙashin inuwar rufi daf da tagar banɗakin hawa na ƙarshe, ko mafi muni, a cikin silin. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce bakinsa ya ɗara duk wata taga da ke cikin tazarar mita 3 da aƙalla santimita 90. Idan warinka na ƙaruwa in an buɗe taga, ya ragu in an rufe, fita waje ka ɗaga kai ka nemi inda bututun ya ƙare. Ƙara masa tsayi aiki ne na awa ɗaya.

Cemba da sokawe

Mai hawa na ƙasa ya zagaya bayan gini. Ƙananan ramukan duba bututu da ake kira cemba, murfinsu kan fashe ko ya zauna a karkace, kuma galibi a gindin tagar banɗaki suke. A ɗaga murfin a ja da baya. Ruwa ya kamata ya wuce ta ciki da gudu ya bar ta kusan wayam. Cembar da ta cika ta tsaya tana nufin toshewa a gaba, ko ramin ya cika. A tsakiyar damina ƙasa kan ƙoshi da ruwa, sokawe ta daina tsotsewa, komai ya dawo baya: masai ya riƙa jinkirin wucewa, ƙasa ta yi laushi da ɗoyi kusa da ramin. Maganin shi ne motar yashe masai, sannan a sake liƙe murafen da siminti mara ƙarfi wanda za a iya fasawa gaba.

Kada kowa ya shiga ramin masai ko ya zura kansa ciki, ko da don ɗauko wayar da ta faɗa. Iskar nan idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, sannan ta sumar da shi cikin 'yan shaƙa. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Ramin na tara iska mai kama wuta kuma, don haka ban da ashana ko sigari a bakinsa.

Idan ruwan ne da kansa

Tari ruwan sanyi a kofi, ruwan zafi a wani, ka fita da su falo ka shinshina. Idan a falo ba su da wari, laifin magudana ne, ruwa ne kawai ke tayar da shi idan ya zuba. Idan na zafin ne kaɗai ke ɗoyin ƙwai, a cikin hita abin yake: akwai sandar ƙarfen magnisiyam da ke kare tukunyar daga tsatsa, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya na haɗuwa da ita da sinadaran ruwan burtsatse su samar da wannan iskar, musamman a hitar da ta daɗe ba a kunna ba ko ake barin ta a ɗumi-ɗumi. A zubar da ruwan tukunyar, a cika, a kai zafinta digiri 60 a ma'aunin Celsius na 'yan awanni, a yi hattara da yara kada su ƙone. Idan ya dawo, a canza sandar da ta alminiyam. Cire ta gaba ɗaya na kawar da warin amma yana rage wa hitar kwana. Idan kofunan biyu duk suna wari, a hau a duba tankin sama, ko murfinsa ya buɗe wani abu ya faɗa.

Bango, silin da maƙwabta

Warin fumfuna na tafiya da alamu: fenti mai kumbura a bangon ɗakin da ke jingine da banɗaki, tayil mai ƙarar fanko idan an ƙwanƙwasa, tabon ruwan ƙasa a silin, katakon ƙarƙashin besin da ya kumbura. Tabon silin daga banɗakin sama yake, kuma gwajin bula a can zai nuna ko ruwan wanka ne ko na masai, idan aka gwada kowanne a rana daban. Goge fumfuna da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma yana share ta daga tayil, amma muddin yoyon na nan za ta dawo.

Ɓera ko tsaka da ta mutu a silin ko a cikin akwatin da aka rufe bututu da shi, warinta kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta bushe, gafiya ta fi haka. Yakan biyo bayan sa maganin ɓera a ginin. Idan da ƙofar leƙa silin, a cire da safar hannu. Duk hudar da bututu ya ratsa daɓe ko silin kuma a bi ta da turaren tsinke, domin ta nan warin banɗakin maƙwabci ke haurowa. A cike ta da siminti ko kumfar toshe rami. Fankar zuƙe iska kuwa a tabbatar waje take turawa ba cikin silin ba, kuma a bar sararin yatsa ɗaya a ƙarƙashin ƙofa domin ta samu iskar ja daga falo.

Abin da ba a zubawa

Kada a haɗa bilic, irin su Hypo da Jik, da ruwan wanke masai mai asid irin su Harpic. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya kayar da mutum. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, wani lokacin a yi ɗayan. Kalanzir da baƙin mai da ake zubawa a magudana ba sa gyara komai, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a rami, su toshe ƙasar sokawe. Tafasasshen ruwa na iya tsaga tangaran ya sassauta mahaɗar bututun roba, ruwan da hannu ke iya jurewa ya isa.

Lokacin kiran mai gida

Tirap, da murfin masai, da santsin besin, mai haya na iya gama su da kansa. Babban bututu, da rufi, da sokawe, da yoyon da ke fitowa daga wani ɓangaren, na mai gida ne ko wakilinsa. Je masa da takardar nan ta kwana uku, da hotunan takardar da ta yi shuɗi ko ledar da ta kumbura, ka kuma tambayi na sama da na ƙasa ko suna jin abin da kake ji. Idan duk masu layin bututu ɗaya na kuka, magana ta fita daga ɓangarenka.

Idan an bi duk wannan ba a samu ba, saura tsagar da ke cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, kuma kada a yarda a fara fasa tayil da ka. A nemi mai gyaran famfo ya yi gwajin hayaƙi: a cika kowane tirap da ruwa, a toshe bakin bututun iska da hanyar rami, a hura hayaƙi ta cemba, a ga inda zai ɓullo. Inda babu injin, ana zuba man na'a-na'a kamar cokali huɗu ta bakin bututun iska a bi shi da bokitin ruwan zafi, a rufe bakin. Wanda ya zuba ya tsaya a waje har a gama, domin ƙamshin na jikinsa zai ɓata gwajin, wani daban da bai taɓa kwalbar ba shi ne zai bi ɗakuna da hanci. Inda ƙamshin ya fara fitowa, nan za a sa alama da alli, a fasa tayil biyu ko uku na wurin kawai.